Yadda Ake Zama Ɗan Majalisar Dokokin Jiha, da Yadda Ake Riƙe Kujerar

A cikin kujerun da ake zaɓa a Najeriya, kujerar ɗan majalisar dokokin jiha tana cikin waɗanda aka fi rainawa, kuma tana cikin waɗanda masu nema suka fi shiga ba tare da sanin abin da ke cikinta ba. Wasu suna ɗaukarta tsanin hawa zuwa Abuja, wasu kuma suna ganinta ladan wahalar da suka yi wa jam'iyya. Alhali kuwa majalisar jiha ce take amincewa da kasafin kuɗin da za a gina asibitin garinku da shi, ita take tantance kwamishinoni, ita take da ikon tsige gwamna, kuma ba a gyara kundin tsarin mulkin ƙasa sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun yarda. Wannan bayani na mai son bin wannan hanya ne da gaske, namiji ko mace, tun daga ranar da ya fara tunanin takara har zuwa lokacin da zai koma gaban jama'a neman zango na biyu.

Ka fara da sanin mazaɓar da kake nema. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ba za ta gaza mutum 24 ba, ba kuma za ta wuce 40 ba, shi ya sa iyakar mazaɓa ba kullum take dacewa da iyakar ƙaramar hukuma ba. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 amma kujeru 40, don haka Kura da Garun Malam suke da wakili ɗaya, haka ma Bagwai da Shanono, da Rimin Gado da Tofa. Zamfara kuwa ƙananan hukumominta 14 ne amma kujerunta 24, saboda haka Gusau da Ƙauran Namoda kowacce take da wakilai biyu. Inda ƙananan hukumomi biyu suka haɗa kujera, sau da yawa akwai fahimtar karɓa-karɓa tsakanin dattawan ɓangarorin wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, kuma wanda ya fito a lokacin da ake ganin ba rabon yankinsu ba ne yakan sha wahala komai farin jininsa.

Takardu tun kafin fasta

Sharuɗɗan tsayawa suna cikin sashe na 106: ka kasance ɗan ƙasa, ka kai shekara 25, ka yi karatu aƙalla zuwa matakin shaidar sakandare ko makamanciyarta, kuma wata jam'iyya ta tsayar da kai. Da shekara 30 ake nema, sai gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 31 ga Mayun 2018 ya sauke ta zuwa 25, kuma ta wannan ƙofa ce Rukayat Shittu ta shiga majalisar Jihar Kwara a 2023 tana da shekara 26. Sashe na 107 kuma ya lissafa abubuwan da suke hana mutum tsayawa, waɗanda suka haɗa da miƙa wa hukumar zaɓe takardar bogi, da zama ɗan ƙungiyar asiri, da hukuncin kotu kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekaru goma kafin zaɓen. Idan kai ma'aikacin gwamnati ne, ko da malamin firamare, dole ka ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe, kuma ka adana takardar da ta nuna ranar da aka karɓi murabus ɗinka.

Ina so in daɗe a kan batun takardu, domin a nan ne mutanen kirki suke faɗuwa a banza. Ka ɗauko shaidar firamare, da ta sakandare, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da katin zaɓe, da katin ɗan ƙasa, ka jera su a kan tabarma ka karanta su harafi bayan harafi. A ƙasar Hausa ba abin mamaki ba ne a sa yaro makaranta da sunan kawun da ya riƙe shi, ya girma yana amsa sunan mahaifinsa, daga baya ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe. Sai ka tarar da mutum ɗaya da sunaye uku da ranakun haihuwa biyu. Wannan ba laifi ba ne a zaman yau da kullum, amma lauyan abokin hamayyarka abin da yake nema ke nan. Ka gyara komai ta hanyar doka tun kafin ka sayi fom, domin duk abin da ka rubuta a takardar bayanan ɗan takara ta INEC rantsuwa ka yi a kansa, kuma hukumar tana manna ta a fili don kowa ya gani.

Tikitin jam'iyya

Doka ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, saboda haka jam'iyya ita ce ƙofa. Ka yi rajista a gundumarku, ka tabbata sunanka yana cikin littafin jam'iyya na asali, ka kuma fara halartar taro tun ana saura shekara biyu ko uku. Taron gunduma ba a ɗakin taro na otel ake yin sa ba. A zauren shugaban jam'iyya ake yi ko a ƙarƙashin darbejiya bayan sallar La'asar, mutum ashirin ko talatin a kan benci da tabarmi, ana maganar rijiyar burtsatsen da ta lalace da wanda aka kwantar a asibiti. Wanda ya zauna a irin wannan taro shekara biyu, ya san shugabar mata da shugaban matasa da sunayensu, ya je jana'iza da suna ba don takara ba, ya fi wanda ya sauko daga birni da jerin motoci ana saura wata uku.

Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ba jam'iyyu hanyoyi uku na fitar da ɗan takara: ƙato-bayan-ƙato, ko zaɓen daliget, ko maslaha, kuma maslahar ba ta inganta sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. A zaɓukan fidda gwani na 2022, APC ta yi amfani da daliget biyar daga kowace gunduma, PDP kuma uku, abin da yake nufin cewa a mazaɓa mai gunduma goma, mutum 50 ko 30 ne kacal suka yanke hukunci a madadin dubban jama'a. Kuɗin fom na kujerar majalisar jiha a wannan zagaye naira miliyan 2 ne a APC, naira 600,000 a PDP, dokar kuma ta ƙayyade cewa kada ɗan takarar wannan kujera ya kashe fiye da naira miliyan 30 a yaƙin neman zaɓe. Ana gyara dokar zaɓe daga zango zuwa zango, don haka ka sayi wadda take aiki a shekarar takararka ka karanta ta da kanka, kada ka dogara da abin da aka gaya maka a majalisar shayi.

Ba zan ce maka kada ka nemi uban gida ba, domin duk wanda ya san siyasar jiha ya san da wuya a samu tikiti ba tare da yardar manya ba. Abin da zan ce shi ne ka san me ake so ka biya da shi kafin ka karɓa. Tikitin da aka ba ka daga gidan gwamnati ba tare da kana da tushe a gunduma ba aro ne, kuma mai shi zai karɓe abinsa ranar da ya ga dama.

Ka kuma sa ido a kan yadda jam'iyyarka take gudanar da zaɓukan cikin gida, domin kuskurenta kai zai ci. Ranar 24 ga Mayun 2019 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa APC ba ta yi zaɓen fidda gwani sahihi a Zamfara ba, sai duk waɗanda suka ci zaɓe a ƙarƙashinta, daga gwamna har 'yan majalisar jiha, suka rasa kujerunsu tun kafin a rantsar da su. Abin da ya faru a Filato ya fi wannan ciwo. A Nuwamban 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisar jiha 16 na PDP kan batun shugabancin jam'iyyar a jihar. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Gwamna Caleb Mutfwang a shari'ar da take da tushe iri ɗaya, amma su 'yan majalisar ba su da hanyar zuwa can, domin ƙarar zaɓen majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Idan an zalunce ka a zaɓen fidda gwani, kwana 14 kacal kake da su ka shigar da ƙara.

Ranar zaɓe

Ana yin zaɓen majalisar jiha rana ɗaya da na gwamna a yawancin jihohi, kamar yadda aka yi ranar 18 ga Maris 2023, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ya ci. Wannan haɗuwa takan sa guguwar ɗan takarar gwamna ta ɗauke ka ko ta kayar da kai, musamman inda ake kiran "sak", amma a ƙaramar mazaɓa mutane sun san fuskar kowa, kuma suna iya yin wake da shinkafa idan sun ga dalili. Kuɗin da za ka kashe a kan manyan alluna gara ka kashe su a kan wakilanka na rumfunan zaɓe. Wakili nagari shi ne wanda ya iya karatu, ɗan unguwar ne, ba ya tashi cin abinci lokacin ƙirga, yana duba adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance ya gwada shi da yawan ƙuri'un da aka kaɗa, kuma ba ya barin wurin sai da kwafin takardar sakamako mai sa hannu da hatimi a aljihunsa, ko da ƙarfe biyun dare ne ana haska fitilar waya. Waɗannan takardu su ne dukiyarka idan aka je kotu, kuma kwana 21 ne kawai bayan bayyana sakamako doka ta ba ka ka shigar da ƙorafi. 'Yan jagaliya kuwa ka nisance su tun farko. Yaron da ka ba makami da ƙwaya yau, gobe a ƙofar gidanka zai tsaya.

Cikin zauren majalisa

Kafin ka zauna sai ka bayyana kadarorinka ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ka kuma yi rantsuwa, kuma daga ranar doka ta hana ka riƙe asusun banki a ƙasar waje. Gwamna ne yake ba da sanarwar zaman farko, akawun majalisa ya jagoranci zaɓen kakaki da mataimakinsa. Kada ka yi wasa da wannan rana: a Edo a 2019 zaɓaɓɓun 'yan majalisa 14 ba a rantsar da su ba sakamakon rikicin zaman farko, har zangon ya ƙare mazaɓunsu ba su da murya.

Abu na farko da za ka nema daga ofishin akawu shi ne kundin ƙa'idojin majalisa. Sababbin shiga da yawa sukan jefa shi a bayan mota, sai su shekara huɗu suna ɗaga hannu a lokacin da bai dace ba, kakaki yana zaunar da su. A cikinsa za ka san yadda ake sa batu a jadawalin zama, da yadda ake tayar da batun gaggawa, da bambancin da ke tsakanin roƙon da majalisa take aika wa ɓangaren zartarwa da kuma ƙudirin doka. Na farkon shawara ce kawai, gwamna yana iya ajiye ta a aljihun tebur. Na biyun kuwa yana bin karatu na farko da na biyu, ya je kwamiti, a saurari ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, sannan a kai wa gwamna, wanda yake da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, idan kuma ya ƙi, kashi biyu cikin uku na majalisa suna iya mayar da shi doka ba tare da shi ba. Ka yi abota da ma'aikatan majalisa, musamman sakatarorin kwamitoci da masu tsara rubutun doka, domin sun ga majalisu da dama sun zo sun wuce. Kada kuma ƙarancin Turanci ya rufe maka baki, tunda sashe na 97 ya yarda majalisa ta yi muhawara da harshen da ake yi a jihar idan ta amince da haka.

Aikin da ya fi kowane tasiri a rayuwar mutanen da suka zaɓe ka shi ne kasafin kuɗi, kuma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Idan gwamna ya gabatar da kasafi, ana raba shi ga kwamitoci, kowace ma'aikata ta zo ta kare abin da ta nema. Wannan ne lokacinka. Tun kafin a kai nan ya kamata ka riga ka zaga mazaɓarka ka rubuta abin da ake buƙata dalla-dalla, da sunan makaranta da yawan ajujuwan da rufinsu ya yaye, da tsawon hanya da ƙauyukan da ta haɗa, ka kai wa ma'aikatar da abin ya shafa tun tana tsara nata lissafin a tsakiyar shekara, domin shigar da aiki tun daga tushe ya fi sauƙi a kan cusa shi bayan an buga littafi. Sannan ka sani cewa ganin aiki a cikin kasafi ba ya nufin an saki kuɗinsa. Ka riƙa karanta rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, ka gwada abin da aka ware da abin da aka fitar, ka tambayi kwamishina a gaban kwamiti da lambar shafi a hannunka. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincike da kiran kowa ya zo ya ba da bayani, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha kuma majalisa ake kawo wa. Ɗan majalisar da ya iya karanta waɗannan takardu ba a raina shi, ko da a ɓangaren marasa rinjaye yake.

Tsakaninka da gwamna

Nan ne wurin da ya fi wuya. Jama'a suna kiran majalisun jihohi 'yan amshin shata, kuma ba a banza ba. A 2010, lokacin gyaran kundin tsarin mulki, majalisun jihohi sun kasa ba da rinjayen da ake buƙata don samun 'yancin kuɗin kansu, sai a 2018 aka samu gyaran ya wuce, aka sake ƙarfafa shi a 2023. A Kano, majalisa ta yi dokar da ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki a Mayun 2019, wata majalisar daga baya kuma ta soke dokar masarautun ranar 23 ga Mayun 2024, gwamna ya sa hannu a ranar. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan batu, ni a ganina al'amari mai nauyi irin wannan ya cancanci a zauna a saurari jama'a a natse duka sau biyun. A ɗaya gefen kuma akwai darasin Kaduna a Jamhuriya ta Biyu, inda majalisar da NPN take da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa na PRP, har ta tsige shi ranar 23 ga Yunin 1981, jihar ta yi kusan shekara biyu cikin ja-in-ja.

Abin da ya dace da kai yana tsakanin waɗannan biyun. Ka mara wa gwamna baya a kan abin da yake daidai, kada ka mayar da adawa sana'a, amma ka nemi a ba ka kwafin kowane ƙudiri kafin ranar muhawara, musamman neman izinin cin bashi, domin 'ya'yan mazaɓarka ne za su biya shi bayan gwamnan ya tafi. Idan za ka ƙi wani abu, ka fara faɗa a taron sirri na 'yan jam'iyyarku, da hujja da ladabi, kafin ka faɗa a zaure. Kada ka sa hannu a farar takarda ko a jerin sunayen da ba ka ga abin da aka rubuta a samansa ba; da irin wannan ake tsige kakaki da asuba.

Ƙofar gidanka

Daga ranar da aka rantsar da kai, za ka riƙa fitowa sallar Asuba ka tarar da mutane a ƙofar gida: wannan da takardar magani, wancan da kuɗin jarrabawar ɗansa, wata da katin bikin 'yarta. Ba za ka kore su ba, domin yawancinsu gaskiya suke faɗa kuma ba su da wani wurin zuwa, amma albashi da alawus ɗinka ba za su ɗauki mazaɓa guda ba, kuma ɗan majalisar da ya sa kansa dole sai ya biya wa kowa shi ne yake ƙarewa yana bin kwamishinoni neman kwangila, daga nan kuma bakinsa ya mutu a kwamiti. Ka ware abin da za ka iya a kowane wata, ka buɗe ofishi a cikin mazaɓa da ma'aikaci mai amana da littafin rubuta koke, ka kuma mayar da matsalar da take maimaituwa zuwa aikin majalisa. Idan mutum goma sun zo maka da takardar maganin haihuwa a wata ɗaya, tambayar da za ka kai zaure ita ce me ya sa asibitin yankin ba shi da ungozoma da magani. Ka riƙa kiran taron jama'a aƙalla sau biyu a shekara kana faɗa musu abin da ka nema, da abin da aka samu, da abin da aka hana, ka kuma shiga gidan rediyo ka amsa tambayoyi da bakinka maimakon ka bar wa sojojin baka.

Doka ta tanadi hanyoyin rasa kujera tun kafin zango ya ƙare. Majalisa tana zama aƙalla kwana 181 a shekara, kuma wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba tare da dalili ba yana iya rasa wurinsa. Sauya sheƙa ma haka, sai dai idan jam'iyyarka ta rabu ko ta haɗe da wata. Akwai kuma kiranye, wanda yake buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar kafin INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.

Ɗan majalisa ba shi da iyakar zango kamar gwamna, kuma wanda ya daɗe shi yake samun shugabancin manyan kwamitoci da na majalisa. Simon Lalong ya shiga majalisar Filato a 1999, ya zama kakaki daga 2000 zuwa 2006, sannan ya zama gwamna a 2015. Ahmadu Umaru Fintiri ya shiga majalisar Adamawa a 2007, yana kakaki ya riƙe jihar na ɗan lokaci bayan tsige Murtala Nyako a Yulin 2014, kafin a zaɓe shi gwamna a 2019. Dukansu biyu sun yi shekaru a zaure kafin su nemi abin da ke gaba. Idan kana son komawa ko hawa, ka fara tara bayanan aikinka tun shekarar farko, da kwafin ƙudirorin da ka gabatar da hotunan ayyuka kafin a yi da bayan an yi, kada kuma ka saki gonarka ko sana'ar da ka sani, domin yawancin masu shiga majalisar jiha ba sa komawa karo na biyu. Ka kuma riƙa bin jadawalin jam'iyyarka, saboda zaɓen shugabannin gunduma yakan zo tun da sauran lokaci kafin zaɓen fidda gwani, sau da yawa lokacin da hankalinka yake kan aikin majalisa a babban birnin jiha, kuma waɗanda aka zaɓa a ranar su ne za su riƙe littafin jam'iyya idan lokacin raba tikiti ya zo. Ranar da za a yi wannan zaɓe na gunduma, ka nemi izinin kakaki ka tafi gida.